Bayan Tanderu Ya Huce

A Tbilisi, ƙarƙashin wani tsohon bene
mai barandar katako da ta rusuna kan titi,
matakala tara za ka sauko ka same ni.
Sunana Otar. Shekara talatin da ɗaya
ina zura kaina cikin tanderu
in manna ƙullu a jikin bangonsa,
ƙafafu kusan a sama, gira a babbake.

Wanda bai iya leƙa wuta ba, ba ya fid da gurasa.
Haka babana ya ce, bai ƙara ba.
Ragowar ni na gano da kaina, a makare.

Daren da Mzia ta naɗe tufafinta
ta hau jirgin ƙasa zuwa wurin yayarta a Kutaisi,
ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi:
"Tun daga ƙofa kana sanin gurasa ta ƙone,
amma ba ka jin ƙaurin bakinka."
Na yi dariya. Na rufe shago.
Na zauna kan buhun fulawa
har garwashi ya yi furfura.

Tun ranar na ɗauki wata al'ada.
In na sallami mai saye na ƙarshe,
kafin in ƙirga cinikin yini,
sai in yagi gefen buhun takarda,
in zaro fensirin da ke bayan kunnena,
in yi tambayar da ba mai yi mini:
Otar, yau me ka ƙona?

Daren farko na rubuta: babu.
Takardar ta zuba mini ido.
Na soke, na sake:
Gela, yaron shago, ya zubar da gishiri,
na kira shi jaki
a gaban tsohuwar da ke sayen rabin gurasa.
Kunnuwansa sun yi ja. Na gani, na ƙara.

Wata Talata: na ce wa mai kawo fulawa ba kuɗi,
alhali suna kwance cikin safata.
Wata Asabar: maƙwabci yana ba ni labarin ciwonsa
ni kuwa ina lissafin itace.

Ba laifi kaɗai nake rubutawa ba.
Ranar da dusar ƙanƙara ta toshe unguwa
na bar mai sharar titi ya gasa hannuwansa,
na ba shi mai zafi, ban karɓi ko sisi ba.
Wannan ma ta shiga takarda,
don mai awon da ke ɓoye riba
shi ma ya ha'inci ma'auni.

Kada ka ɗauka na zama waliyyi.
Akwai makon da na bar fensir ya yi ƙura,
akwai dare huɗu a jere
da kalma ɗaya ce ke dawowa: fushi.
An ce hali zanen dutse.
To, matakalar shagona dutse ce,
dubi yadda tafin ƙafa ya lotsa tsakiyarta.
Ba wanda ya sare ta. Hawa ne da sauka.

Da bazara Mzia ta zo ɗaukar keken ɗinkinta.
Ta ga takardun a soke jikin ƙusa,
tulinsu ya kai kaurin gurasa uku.
Ta karanta a tsaye, jaka a kafaɗa.
Ba ta ce komai ba.
Ta sayi guda ɗaya, ta biya, ta jira canji.
Ba ta dawo ba tukuna.
Amma ranar Lahadi tana kira,
ni kuma na koyi barin ta ta kai aya.

Ɗazu Gela ya saki gurasa biyu cikin wuta.
Maganar ta taso, ta iso maƙogwaro,
na san ta, na sha rubuta ta.
Na miƙa masa ƙugiya, na ce ya ciro.

Yanzu titi ya yi tsit, tanderu na hucewa.
Na yagi takarda.
Ban san me zan samu ba sai na leƙa.